Kumburin da ba a tsagawa: yadda likitocin hoto ke bi ta cikin jijiya su yi magani

Wanda data ba ta bar shi ya saurara ba, ga shirin nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar lafiya za mu yi, kuma irin wadda ba a cika taɓowa ba. Akwai yaron da za a haifa da kumburi a kumatu ko a wuya, ko leɓe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ko ƙafa ɗaya ta fi 'yar uwarta girma. Ba ƙurji ba ne, ba ya nuna balle ya fashe, yaro na girma shi ma yana girma. A gida wani ya ce tawadar Allah ce, wata ta ce iska ce, wani ya ce hannu aka sa masa tun yana ciki. Daga nan sai shawara ta taso a kai shi wurin wanzami a tsaga a fitar da mataccen jini. To da yawa daga cikin irin wannan kumburin tarin jijiyoyi ne da suka ginu a karkace tun yaro yana cikin mahaifiyarsa, kuma a cikinsu akwai wanda in aska ta shiga, jinin ba zai tsaya da sauƙi ba.

Bari mu fara da yadda jini ke yawo, don in ba a gane wannan ba sauran ba za su shiga ba. A Hausa duk jijiya muke cewa, amma iri-iri ne. Akwai wadda ke ɗauko jini daga zuciya da ƙarfi, ita ce kake jin bugunta a tsintsiyar hannu. Mu kira ta jijiya mai bugawa. Akwai wadda ke mayar da jini zuciya a hankali, ita ce ma'aikaciyar jinya ke nema in za ta ɗebi jini ko ta sa ƙarin ruwa. Mu kira ta jijiyar komawa. Tsakaninsu akwai wasu 'yan sirara da ido ba ya gani, su ne ke rage wa jini gudu har ya sauke abinci da iska ga tsoka. Sai kuma wata hanya ta huɗu wadda ba jini take ɗauka ba, wani ruwa ne mai ɗan rawaya da ake kira limf, wanda ke bi ta kaluluwa. Kowace daga cikin huɗun nan tana iya ginuwa ba daidai ba a wani ɗan yanki na jiki. Wannan shi ne abin da zan riƙa kira tawayar jijiya.

Shekaru da yawa su kansu likitoci sun sha ruɗewa a kan sunan. Duk wani jan tabo ko kumburin jini sai a ce masa himanjiyoma. Sai a 1982 wani likitan tiyata a birnin Boston na Amurka, John Mulliken, da abokiyar aikinsa Julie Glowacki suka duba naman irin waɗannan kumburi a madubin likita, suka ga abu biyu ne daban. Na farko tsiro ne, ƙwayoyinsa na hayayyafa. Shi ne himanjiyoma na jarirai: yakan bayyana makonni kaɗan bayan haihuwa, ya yi saurin girma a watannin farko, sannan ya fara janyewa da kansa cikin shekaru. Ya fi kama 'ya'ya mata da bakwaini. Na biyu kuma kuskuren gini ne. Da shi aka haifi yaro ko da bai fito fili ba a lokacin, yana girma tare da shi, kuma ba ya janyewa. Balaga, ko juna biyu, ko buguwa, ko wata cuta na iya tayar da shi ya ƙara girma. A 1996 ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya, ISSVA, ta ɗauki wannan rabe-raben a matsayin ma'auni.

Za ka ce to mene ne na damuwa da suna? Ai shi ne komai. A 2008 likitoci a birnin Bordeaux na Faransa, ƙarƙashin Christine Léauté-Labrèze, suka lura cewa furofaranolol, wani tsohon maganin zuciya da hawan jini, yana sa himanjiyoma na jarirai ya saki ya ragu. Babban ci gaba ne. Amma ka ɗauki wannan maganin ka ba yaron da ke da tawayar jijiyar komawa, ba abin da zai yi masa. Haka nan ka ce wa iyaye "ku yi haƙuri zai tafi da kansa" alhali irin wanda ba ya tafiya ne, ka sa sun zauna jiran abin da ba zai zo ba. Kuma kada ku ɗauka kuskuren na ƙauye ne. Wani nazari da aka buga a 2011 ya bi rubuce-rubucen likitoci ya ga kusan 7 cikin 10 sun yi amfani da kalmar himanjiyoma a inda ba ta dace ba.

To wane ne wannan likitan hoton da nake ta ambata? Mun saba da likitan da ke zaune a ɗaki mai duhu yana karanta eksire yana rubuta rahoto. A cikin wannan fannin na radiyoloji akwai reshen da ba ya tsayawa a karatu. Yana kallon cikin jikinka a allo, a daidai lokacin yana tura allura ko siririn bututu zuwa inda matsalar take, ya yi gyaran ta nan. Ƙofar shigarsa ba ta wuce ɗan huji ba, sau da yawa ko ɗinki ba a yi.

Tarihin abin a taƙaice: a 1927 Egas Moniz, ɗan ƙasar Fotugal, ya zuba wani ruwa da eksire ke iya gani a cikin jijiya, ya ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwar mutum mai rai. A 1953 Sven-Ivar Seldinger na Suwidin ya kawo dabarar da har yau da ita ake shiga jijiya: ka soka allura, ka zura siririyar waya ta cikinta, ka zare allurar, ka zura bututu a kan wayar, ka zare wayar. Shi ke nan, bututu ya zauna a cikin jijiya ba tare da an yanka ba. Sai ranar 16 ga Janairun 1964, a jihar Oregon ta Amurka, Charles Dotter ya buɗe toshasshiyar jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Ƙafar ta tsira. Daga nan ake lissafa haihuwar wannan fanni.

Yanzu in aka kawo yaro da kumburi, tambayar farko da likitan zai nemi amsarta guda ɗaya ce: jinin da ke ciki, gudu yake ko tafiyar hawainiya? Tun kafin na'ura, hannu ma yana faɗa. Mai gudu za ka ji wurin da ɗumi fiye da gefensa, yana bugawa, wani lokaci har da ɗan karkarwa kamar ka ɗora hannu a kan janareta. Na jijiyar komawa kuwa laushi ne da shi kamar soso, in ka danna ya lotsa, ka saki ya sake cika a hankali. In a hannu yake, a sauke hannun ƙasa ya kumbura, a ɗaga sama ya sace. In a fuska yake, yaro na kuka yana ƙara tasowa. Littattafan Turawa za su ce maka launinsa shuɗi-shuɗi ne, amma a fatarmu baƙa ba lallai ka ga haka ba, sai dai in a leɓe ne ko harshe ko cikin kumatu. Na ruwan limf ya fi son wuya da fuska da hammata, kuma yana da wata ɗabi'a: da yaro ya yi mura ko ciwon maƙogwaro sai ya tashi farat ɗaya.

Bayan hannu sai sikanin, irin dai wanda ake yi wa masu ciki, amma a kunna sashensa da ake kira Dofla, wanda ke nuna motsin jini da launi har da sauti. Ba zafi, ba hasken eksire, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi a cikin gwaje-gwajen. Cikin 'yan mintuna zai raba mai gudu da mai tafiya a hankali, ya nuna ko aljihunan ruwa ne a ciki. Wani lokaci a ga wasu 'yan duwatsu a cikin kumburin. Gudan jini ne da ya daskare ya daɗe har ya taurare, kuma ganinsu kusan shaida ce cewa tawayar jijiyar komawa ce. Sai MRI, wanda ke nuna iyakar abin: ina ya tsaya, ya shiga tsoka ko gaɓa, ya kewaye hanyar numfashi ko bai kewaye ba. Sau da yawa abin da ake gani a waje ɗan kaɗan ne daga abin da ke ciki. Shi kuma hoton da ake zura bututu a zuba ruwa a jijiya, wato anjiyogiram, yanzu an fi ajiye shi don mai gudu, kuma galibi ranar da za a yi maganin.

Mu ɗauki mai tafiya a hankali tukuna, tunda shi ya fi yawa.

Me ya sa ba za a yanke shi kawai a huta ba? In ƙarami ne mai iyaka, ana yankewa, kuma yana yin kyau. Matsalar ita ce da yawansu ba su da iyaka. Sun ratsa cikin tsoka kamar yadda saiwar ciyawa ke ratsa ƙasa, sun naɗe jijiyoyin motsi. A fuska, in likitan tiyata ya bi shi har ƙarshe, yana iya taɓa jijiyar da ke motsa baki da ido. Shi ya sa maganin farko a yau, ga mafi yawansu, allura ce da ake kira sikilerotarafi. Manufarta a ƙona fatar cikin jijiyar da gangan, ta yi rauni, ta manne da juna, ta ƙanƙance ta zama tabo.

Ga yadda ake yi. Yaro ƙarami akan sa shi barci gaba ɗaya. Likita ya ɗora kan na'urar sikanin a wurin, yana kallon allo ya soka allura har ya ga bakinta a cikin aljihun jinin, jini ya dawo cikin sirinji. Ba zai zuba magani nan take ba. Zai fara tura ruwan nan da eksire ke gani, don ya san abu biyu: aljihun nawa yake ci, kuma ta ina yake zubewa. Wannan na biyun shi ne mai haɗari. In aljihun yana da babbar ƙofa zuwa manyan jijiyoyi, maganin da ka zuba zai sulale ya tafi zuciya da huhu. Sai ya danne ƙofar, ko ya ɗaure sama da wurin, ko ya toshe ta, kafin ya tura.

Magungunan kuma kowanne da halinsa. Mafi ƙarfi shi ne tsantsar itanol, wato sinadarin alkohol da ba a sirka ba. Yana kashe fatar cikin jijiya nan take, kuma abin da ya kashe bai cika dawowa ba. Wani likita Ba'amurke, Wayne Yakes, shi ya yi suna da shi tun shekarun 1980. Amma fa ba ya tantance mai laifi: in ya ɓalle ya taɓa fata sai ta mutu ta zama gyambo, in ya taɓa jijiyar motsi sai wurin ya shanye, in ya yi yawa a jini yana iya tsayar da zuciya. Don haka akwai iyakar da ba a ƙetarewa, mililita 1 ga kowane kilo na nauyin mutum, kuma da yawa ba sa ma kusantar hakan. Akwai masu sauƙi irin su folidokanol da STS, waɗanda danginsu ɗaya da sabulu. Su kuma akwai wata dabara da nake jin daɗin labarinta. Wajen shekarar 2000 wani likita ɗan Italiya, Lorenzo Tessari, ya haɗa sirinji biyu baki da baki, ɗaya da magani ɗaya da iska, ya riƙa tura su gaba da baya har abin ya zama kumfa. In ruwa ka zuba, jini zai sirka shi ya tafi da shi. Kumfa kuwa ture jinin take yi ta zauna ta manne a bango, ga shi ana ganinta sarai a sikanin. Sirinji biyu da ɗan famfo, amma sun canza aikin a duniya.

Ga na ruwan limf, in manyan aljihuna ne, a nan ake samun sakamakon da ya fi faranta rai. A zuƙe ruwan, a zuba doksisaikilin a gurbinsa. E, wannan dai maganin ƙwayoyin cuta da kuka sani, amma nau'insa na allura. A Japan kuma Shuhei Ogita ya kawo OK-432 a 1987, wanda aka yi da ƙwayar cutar da aka kashe, yana sa aljihun ya yi kumburi sannan ya manne. Jaririn da aka haifa da ƙullutu a wuya kamar lemo, bayan zama kaɗan sai ka ga wuya ya dawo kusan daidai. In kuwa ƙananan aljihuna ne birjik kamar saƙar zuma, aikin ya fi wuya, domin allura ba za ta shiga kowanne ba. A nan ake ɗauko biliyomaisin, maganin ciwon daji da aka gano a Japan a shekarun 1960. Amfaninsa shi ne ba ya kumbura wuri sosai, don haka ana son sa a harshe da maƙogwaro da bayan ido, inda kumburi kaɗan ke iya toshe numfashi ko danne gani. Sai dai ana rubuta jimillar abin da mutum ya karɓa a rayuwarsa, saboda in ya taru da yawa yana lalata huhu. Yana kuma barin baƙin zane a fata inda aka sosa ko aka ɓare filasta da ƙarfi a kwanakin da aka yi shi, abin da ya kamata a gaya wa mai jinya tun kafin a fara.

Wani abu da nake so iyaye su sani: bayan allurar nan, wurin ƙara kumbura yake yi, ya yi tauri, ya yi ciwo na kwanaki. Wani ma fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, saboda jinin da maganin ya fasa, shi ya sa ake ƙarin ruwa sosai don kare ƙoda. In ba a yi wa uwa bayani ba, za ta ce an ɓata mata ɗa, ba za ta dawo ba. Alhali raguwar sai bayan makonni take fitowa, kuma galibi ba zama ɗaya ba ne, ana maimaitawa da tazarar makonni ko watanni. Likitan kirki zai faɗa maka gaskiya cewa abin da ake nema shi ne ciwo ya tafi, girma ya ragu, hannu ko baki ya yi aikinsa. Ya ɓace ɓat kamar ba a taɓa yi ba, wannan ba kowa ke samu ba. Kuma wanda nasa ba ya ciwo, ba ya hana shi komai, sau da yawa shawarar ita ce a bar shi a riƙa duba shi, ko ya sa safa mai matsewa in a ƙafa ne.

To yanzu mai gudu. Wannan shi ne wanda nake cewa a ji tsoronsa.

Ku tuna 'yan siraran jijiyoyin nan da ke rage wa jini gudu. A wannan nau'in babu su a wurin. Jijiya mai bugawa ta haɗe kai tsaye da jijiyar komawa ta cikin wani cukurkuɗaɗɗen ƙulli. Likitoci na kiran ƙullin nidus, kalmar Latin ce mai nufin sheƙar tsuntsu, kuma da ka ga hotonsa za ka ce sun iya sa suna. Ka ɗauka an haɗa babban bututun da ke fitowa daga injin ban ruwa kai tsaye da magudana. Ruwa zai bi hanya mai sauƙi ya gudu, shukar da ke gefe ta bushe, magudanar da ba a gina ta don wannan ƙarfin ba ta buɗe ta fara tsagewa. Haka yake a jiki. Naman da ke kusa yana rasa jini ya yi gyambon da ba ya warkewa, jijiyoyin komawa su kumbura su riƙa zubar da jini, zuciya kuma tana ta aikin banza. Ana auna shi da matakai huɗu na Schobinger: yana kwance, ya fara faɗaɗa, ya fara ɓarna da ciwo da zubar jini, sai na ƙarshe inda zuciya ke gazawa.

A da, abin da hankali ke ba likitan tiyata shi ne ya nemo babbar jijiyar da ke ciyar da ƙullin ya ɗaure ta. Kowa zai ce daidai ne. Amma an gano wannan na cikin mafi munin abin da za a yi masa. Sheƙar tana nan da ranta, tana jan jini. Ka rufe babban titi, motoci ba za su koma gida ba, lunguna za su cika. Cikin ɗan lokaci sai ta jawo sababbin jijiyoyi daga ko'ina, ƙanana masu murɗiya. Ga shi kuma an toshe hanya ɗaya tilo mai kyau da likitan hoto zai bi ya isa wurin. Haka yanke rabi a bar rabi, yana iya tayar da shi ya fi da girma. Ku auna da kanku abin da tsaga ko ƙaho za su yi a irin wannan wuri.

Abin da ake yi shi ne a isa cikin sheƙar kanta a cike ta. Sunan aikin embolaizeshan, wato toshewa daga ciki. Tun 1960 Alfred Luessenhop da William Spence suka gwada shi a Amurka, suka saki 'yan ƙwallaye a jijiyar wuya jini ya kai su ƙullin da ke ƙwaƙwalwa. Yanzu ba a sakin abu a bar wa sa'a. A shiga ta gindin cinya ko ta tsintsiyar hannu da dabarar Seldinger, a tura bututu, a cikinsa a tura wani wanda bakinsa bai kai kaurin milimita 1 ba, ana kallon allo ana bin kwana-kwanar jijiya har bakin sheƙa. Wani lokaci ta jijiyar komawa ake zagayowa, ko a soka allura kai tsaye ta fata. Abin toshewar na iya zama gam na likita, ɗan uwan sufa gulu, wanda ke daskarewa da ya taɓa jini. In likita ya yi jinkirin zare bututunsa, shi ma ya manne a ciki. Akwai Onyx, wani baƙin ruwa mai kauri da ke malala a hankali kamar narkakken kwalta, wanda aka amince da shi a Amurka a 2005 don ƙullin ƙwaƙwalwa. Akwai 'yan murɗaɗɗun wayoyi na filatinam, akwai kuma itanol ɗin nan. Sau da yawa toshewar share fage ce: a rage jinin yau, likitan tiyata ya cire ƙullin gaba ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ba zan yi muku kwalliya ba, wannan nau'in yana da taurin kai. Wani nazari da aka yi a Boston a kan mutum 272 masu irinsa a wajen ƙwaƙwalwa, aka buga a 2010, ya nuna cewa a cikin waɗanda toshewa kawai aka yi musu, fiye da 9 cikin 10 abin ya sake tasowa daga baya. Ko waɗanda aka yi wa tiyata, yawancinsu ya dawo. Mai wannan lalura da asibiti abokan tafiya ne na shekaru.

In a ƙwaƙwalwa yake, ba a ganin komai a waje. Yakan bayyana da farfaɗiya, ko ciwon kai, ko ya fashe ya kawo shanyewar ɓarin jiki ga matashi da ƙuruciyarsa. A nan akwai wani darasi da ya girgiza likitoci. Gwajin da ake kira ARUBA, wanda aka buga a 2014, ya raba mutum 223 da ƙullinsu bai taɓa fashewa ba gida biyu: wasu aka yi musu aiki, wasu aka ba su magani kawai ana lura da su. Cikin kusan shekara uku, kimanin kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka taɓa sun samu shanyewar jiki ko sun rasu, a ɗaya gefen kuwa kashi 10. An yi ta muhawara a kansa, wasu suna cewa lokacin bibiyar ya yi gajarta ga cutar da haɗarinta ke taruwa tsawon rayuwa, kuma an cakuɗa hanyoyin aiki daban-daban. Suna da hujja. Amma ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, iya isa wuri da bututu bai zama dalilin a shiga ba. A gefe guda kuma akwai inda toshewar ce ke ceton rai ƙarara, kamar wata tawaya da ake haifar jarirai da ita a tsakiyar ƙwaƙwalwa, ta jijiyar Galen, wadda ke gajiyar da zuciya tun kwanakin farko. A 2023 tawagar Darren Orbach a Boston ta toshe irinta tun jaririyar tana ciki, a mako na 34.

Kafin in manta, jan tabon nan mai faɗi da ba ya tasowa, irin wanda ke goshin tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet Mikhail Gorbachev, shi na 'yan siraran jijiyoyi ne, kuma ba aikin bututu ba ne, hasken leza ake yi masa. Sai dai in ya kama goshi da fatar ido ta sama a jariri, a duba idon saboda gilakoma, a kuma lura da farfaɗiya.

Me ke kawo duk wannan tun farko? Masu bincike, ciki har da Miikka Vikkula a Beljiyam, sun gano cewa galibi ɗan canji ne a ƙwayar halitta, wanda ke faruwa a wasu 'yan ƙwayoyin jiki kawai lokacin da ɗan tayi ke ginuwa. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba inda ta bi da yamma ba ne, kuma mafi yawansu ba a gadonsu. Ina nanata wannan domin mun san a kan wa laifi yake faɗawa a gidajenmu. Akwai kaɗan da ke bin dangi, kamar wanda ke zuwa da yawan haɓo a gida ɗaya, kaka da uba da ɗa, wanda kan ɓoye ƙulli a huhu da ake toshewa da wayoyin nan. Gano waɗannan canje-canje ya buɗe ƙofar magani na sha. Sirolimus, wanda asalinsa daga ƙasar tsibirin Rapa Nui aka samo shi, yana rage ciwo da zubar ruwa ga masu tawayar limf da ta jijiyar komawa da ta fi ƙarfin allura, amma yana rage garkuwar jiki, sai da gwajin jini a kai a kai. A 2022 kuma Amurka ta amince da alfelisib ga masu wani nau'in da ke sa sashen jiki ya yi girma fiye da kima.

Na san tambayar da ke ranku: duk wannan a ina, da wane kuɗi? Gaskiya ce, ɗakin anjiyogiram da Onyx da ƙananan bututun nan tsada ne da su, kuma ƙwararrun fannin sun yi kaɗan a nahiyarmu. Amma ku lura, nau'in da ya fi yawa, mai tafiya a hankali, kayan aikinsa na'urar sikanin ce, da eksire mai motsi irin na ɗakin tiyata, da allura, da magungunan da ba baƙi ba ne a manyan asibitoci. Abin da ya fi ƙaranci shi ne hannun da ya koya. Tanzaniya ta fara horar da nata likitocin wannan fanni a asibitin Muhimbili da ke Darussalam tun 2018, kuma a ganina ɗalibanmu na likitanci da ke sauraro su sa ido a wannan reshen. Amma don Allah kada wani ya ji na ambaci doksisaikilin ya ce a je kemis a soka wa yaro. Maganin da ya shiga jijiyar da ba ita ba yana iya cin yatsa ko ido.

In kana da irin wannan yaron a gida, ko kai ne da kanka, ka nemi a tura ku babban asibiti mai sashen hoto, ka roƙi a yi sikanin na Dofla kafin kowa ya kawo maganar yanka. Ka tambayi likita kai tsaye: tsiro ne ko tawayar jijiya, kuma mai gudu ne ko mai tafiya a hankali? Ka riƙa ɗaukar hoton wurin da wayarka duk wata, daga kusurwa ɗaya, domin hoton wata shida ya fi "kamar ya ƙaru" amfani a wurin likita. In za a cire haƙori kuma akwai kumburi mai ɗumi a muƙamuƙi ko dasashi mai yawan zubar jini, a faɗa wa likitan haƙori kafin ya taɓa. Mai babbar tawayar jijiyar komawa da za a yi wa kowace irin tiyata, ko mace mai ita da ta samu ciki, a sanar da likita da wuri don a gwada yadda jininsu ke daskarewa. In kuwa wurin ya ɓalle da jini, a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, a nufi asibiti a haka. Haka in kumburin wuya ko harshe ya tashi har numfashin yaro ya fara ƙara, wannan ba na jiran gobe ba ne.

Masu tambaya ku ajiye a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.